Babi na Shida: Ƙafa Uku a Jikin Bango

Tsakanin 1950 da 1953 an gina gidaje kusan 17,500 a Lakewood, kudu da birnin Los Angeles, a filin da a da wake ake nomawa. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, sojoji sun dawo sun yi aure, gwamnati kuma ta sauƙaƙa musu bashin sayen muhalli. Abin da ya faru a Lakewood ya faru a gefen kusan kowane babban birni na Amurka: ƙananan gidaje iri ɗaya jere reras, kowanne da garejinsa da ɗan filin ciyawarsa. Magina sauri suke yi, duk abin da zai rage haƙa da tsawon waya shi suke bi. Bututun gas ya taso daga titi, wayar lantarki ta sauko daga turke, sai a kai su bango ɗaya, galibi bangon gefe da ya fi kusa da hanya. Mitar gas da akwatin wuta suka zauna dab da juna, wani lokaci tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi taƙi ɗaya ba.

A can gas ba a tukunya yake zuwa ba. Fiye da rabin gidajen Amurka ta bututun ƙarƙashin ƙasa suke samunsa, a ƙarshen wata kamfani ya aiko da takardar kuɗi gwargwadon abin da mita ta ƙirga. Shekara saba'in wannan maƙwabtaka ta mitar gas da akwatin wuta ba ta dami kowa ba. Yau ta zama abin da ke tsayar da aikin gyaran gida na watanni, ta kuma ci kuɗin da mai gida bai taɓa sawa a lissafinsa ba.

Akwatin da ya yi wa gida kaɗan

Wutar gidan Amurka kashi biyu take shigowa: bolt 120 don fitilu da soket, bolt 240 don manyan kaya. Akwatin wuta shi ne inda babbar waya ke shiga ta rarrabu zuwa ɗakuna, kowane layi da birekarsa da ke datse wuta in nauyi ya yi yawa. Da amfiya ake auna girman akwati. Gidajen shekarun 1940 da farkon 1950 yawancinsu amfiya 60 aka sa musu, da fis maimakon bireka. Daga baya aka koma 100, sabon gida kuwa yau 200 ake sa masa. In aka juya lissafin zuwa kilowat, amfiya 60 tana ba da wajen 14, amfiya 100 tana ba da 24, amfiya 200 kuma 48.

A da 60 ta wadatar, domin gas ne ke ɗauke da aiki mai nauyi: girki, ruwan zafi, ɗumama ɗaki a hunturu, busar da tufafi. Lantarki bai wuce fitila da rediyo da firji da dutsen guga ba. Sai zamani ya juya. Cajar motar lantarki ta gida tana iya jan amfiya 48, doka kuma ta ce duk kayan da zai yi awa uku ko fiye yana jan wuta ba tsayawa sai an ƙara masa kashi 25 cikin ɗari, wato sai bireka mai amfiya 60. Mota ɗaya ke nan ta cinye rabon tsohon gida gaba ɗaya. Ga murhun lantarki, ga hitar ruwa, ga na'urar ɗumama ɗaki da sanyaya shi, ga sola a kan rufi.

Gwamnati ma ta tura. Dokar rage hauhawar farashi da Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu a Agustan 2022 ta tanadi rangwamen haraji har dala 600 ga wanda ya sauya akwatinsa, da tallafi har dala 4,000 ga masu ƙaramin ƙarfi, kodayake wata doka ta 2025 ta kawo ƙarshen rangwamen harajin. Wasu kuma kamfanin inshora ne ya tilasta musu: akwatunan Federal Pacific da Zinsco, da aka sa a miliyoyin gidaje daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980, sun yi ƙaurin suna da bireka mai ƙin datse wuta, kamfanoni da dama ba sa yarda su yi wa gida mai ɗauke da su inshora.

To, mai gida ya yanke shawara, ya kira mai gyaran wuta. Mutumin ya zo, ya zagaya gefen gida, kafin ma ya buɗe akwati sai ya zaro tef ɗin awo ya miƙa shi daga akwatin zuwa mitar gas. Inci 18. Ya naɗe tef ɗinsa ya ce, "Aikin mai sauƙi ne, kwana ɗaya zan gama. Amma in na sa sabon akwati a nan, kamfani ba zai maido maka da wuta ba."

Abin da ke jikin bangon

Mu tsuguna gaban bangon mu duba. Daga ƙasa wani bututun ƙarfe ya taso, a jikinsa akwai makulli mai ɗan harshe shimfiɗaɗɗe. In harshen yana miƙe da bututu, gas na wucewa. In aka sa sifana aka juya shi ya gitta, an rufe. Sama da makullin akwai wani kewayayyen ƙarfe mai faɗin tafin hannu ko fiye, shi ne regileta. Mai dafa abinci da tukunyar gas ya san ƙaninsa, wanda ake ɗaurawa a kan tukunya. Aikinsu ɗaya. Gas ɗin da ke bututun titi yana iya kai matsin fam 60 a kan kowane murabba'in inci, murhun gida kuwa rubu'in fam kawai yake buƙata. Wata 'yar fatar roba da sifirin a cikin regileta su ke sauko da matsin sau 240.

A gefen regileta akwai wata 'yar kafa da ke kallon ƙasa, an rufe bakinta da raga don kada ruwan sama ko zanzaro su shiga. Ta nan fatar robar ke shaƙar iska tana motsi. Ta nan kuma regileta ke fitar da gas da gangan in matsi ya wuce kima, misali in datti ya hana shi rufewa sosai ko robar ta tsufa ta tsage. Gara gas ɗin ya fita waje da ya danna cikin kicin. Wato a duk bangon gida, wannan kafa ita ce wuri ɗaya tak da aka ƙera domin gas ya fito ta cikinsa.

Bayan regileta sai mita, akwati mai launin toka. A cikinta akwai jakunkuna masu aiki irin na zugazugin maƙeri: ɗaya na cika ɗaya na juyewa, kowane bugu yana tura ƙayyadadden gas yana juya allurar ƙirge. Tun shekarun 1840 aka ƙirƙiro wannan dabara a Ingila, har yau ita ce a yawancin gidaje. Daga bakin mita sai bututun da ya huda bango ya shiga gida.

Shi kuma akwatin wuta ma'ajiyar tartsatsi ce. Duk lokacin da bireka ta datse, wuta na yin tsalle tsakanin ƙarafa biyu da ke rabuwa. Haka in ma'aikaci ya zare mitar lantarki daga mazauninta, haka in wata waya ta saki tana zafi. Gas ɗin bututu, wanda yawancinsa methane ne, yana kamawa in ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iska. Ƙasa da haka ya yi kaɗan, sama da haka iskar ba ta ishe shi ba. Ya fi iska rashin nauyi, yana fita yake tashi sama ya watse. Tazarar ƙafa uku da ake nema ita ce wadda za ta ba shi damar tsinkewa ya sauka ƙasa da kashi 5 kafin ya iso inda tartsatsi yake.

Inda ƙafa ukun ta samo asali

Ranar 18 ga Maris 1937, a garin New London na jihar Texas, gas ya yoyo ya taru a ƙarƙashin ginin wata makaranta. Gas ɗin ba ya da wari, ba wanda ya sani. Ana dab da tashi wani malamin koyar da sana'a ya kunna injin goge katako, tartsatsin makunnin ya tashi ginin baki ɗaya. Mutum kusan 300 suka rasu, yawancinsu yara. A shekarar majalisar Texas ta wajabta zuba wa gas sinadari mai wari, sauran jihohi suka bi. Warin da muke ji yau in gas na yoyo ba nasa ba ne, ƙara masa aka yi, dokar tarayya kuma ta ce dole hanci ya iya jin sa tun yana kashi ɗaya cikin biyar na adadin da zai kama.

Wari gargaɗi ne ga mai hanci a kusa. Bangon gefen gida kuwa ba mai zama a wurin, sai tazara ta yi gadi. Dokar tarayya ta bututun gas ta ce mitar da ke cikin gini sai ta nisanci duk abin da zai iya tayar da wuta da aƙalla ƙafa 3, wato santimita 91, kafar regileta kuma dole ta ɓulla waje inda gas zai watse nesa da taga da ƙofa. Kamfanonin gas suka ɗauki wannan awo suka sa a ƙa'idojinsu har ga mitar da ke waje. Kamfanin PG&E, mai ba mutum miliyan 16 gas da wuta a arewaci da tsakiyar California, yana da kundi mai kauri da ake kira Greenbook, cike da zane-zanen inda aka yarda da inda aka hana. Kowane kamfani da nasa: wani daga kafar regileta yake fara awo, wani daga bututun da ya taso daga ƙasa.

Ɓangaren lantarki ma yana da tasa doka. Kundin ƙa'idojin wayarin na Amurka, wanda aka fara bugawa a 1897 ake kuma sabunta shi duk shekara uku, ya ce gaban akwatin wuta sai an bar fili mai faɗin inci 30, zurfin inci 36, tsayin ƙafa shida da rabi. Dalili shi ne in wuta ta ja mai gyara, ya sami inda zai ja da baya. Mitar gas da ta turo kai cikin wannan fili ta karya ƙa'idar ko da ba a yi maganar yoyo ba.

Wanda ke ganin an cika tsanani sai ya tuna 13 ga Satumba 2018 a garuruwan Lawrence da Andover da North Andover na jihar Massachusetts. Ana sauya tsohon bututun titi aka yi kuskure, gas mai matsi ya kwarara cikin layukan da gidajensu ba su da regileta nasu na kansu. Gine-gine 131 suka lalace, wani matashi ɗan shekara 18 ya rasu. Regileta da 'yar kafarsa su ne katangar ƙarshe tsakanin titi da kicin, kuma ranar da za su yi aikinsu gadan-gadan ita ce ranar da gas zai fi fita a jikin bango.

Tsohon gida, sabuwar doka

Abin da ke ɗaure wa masu gida kai shi ne: in haɗari ne, me ya sa aka ƙyale shi shekara saba'in? Amsar tana cikin yadda dokar gini ke aiki. Ba ta bin tsofaffin gidaje ta ce a rushe. Abin da aka gina bisa ƙa'idar zamaninsa ana barinsa yadda yake muddin ba a taɓa shi ba. Ranar da aka nemi izinin sauya shi, ranar ya zama sabon aiki, sai dokar yau ta hau kansa. Wasu kamfanonin suna sassauci in akwati ne aka cire aka mayar da irinsa, girma ɗaya, wuri ɗaya. Amma daga 100 zuwa 200 ba irinsa ba ne.

Sai kuma maganar mallaka. Bangon na mai gida ne, amma ba duk abin da ke jikinsa ne nasa ba. Bututun da ya taso daga titi, da makulli, da regileta, da mita, duk na kamfanin gas ne. Na mai gida daga bakin mita yake farawa. A ɓangaren wuta, mita ta kamfani ce, akwati da mazaunin mita na mai gida. Saboda haka mai gyaran wuta ba ya da ikon taɓa gas, mai aikin famfo ba ya da ikon taɓa mita, ma'aikacin kamfani ba ya taɓa bututun cikin gida, sufeton gini na ƙaramar hukuma kuma shi ke sa hannu kafin kowa ya buɗe makulli. Hannu huɗu a kan bango ɗaya, kowanne da jadawalinsa. Kuma da yake mai gida ne ya nemi a matsar, shi zai biya.

Yadda ake matsar da mita

Ana farawa da cike takarda a kamfanin gas. Injiniyansu ya zo ya duba, ya zana sabon wuri, ya aiko da kuɗin aiki. Wannan kaɗai yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya riga ya sayi mota kafin ya cike takardar, a soket ɗin bolt 120 zai yi ta cajinta, ta kwana tana sha ba ta ƙoshi ba.

Kafin a sa shebur a ƙasa sai an kira lamba 811, wadda ke aiki a duk faɗin ƙasar tun 2007. Ma'aikata su zo su fesa fenti a kan ciyawa da daɓe: rawaya bututun gas, ja wayar lantarki, shuɗi ruwan sha, kore magudanar ƙazanta, ruwan lemo wayar tarho da intanet. Daga nan mai aikin famfo ya ja sabon bututu daga cikin gida zuwa inda mita za ta koma, ya toshe bakinsa, ya hura masa iska da famfo, ya ɗaura ma'aunin matsi. A California fam 10 ake hurawa a jira minti 15. Sufeto ya tsaya yana kallon allura. In ta sauka ko kaɗan, akwai yoyo, sai a bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da ruwan sabulu har a ga inda kumfa ke tashi.

Ranar aikin kamfani a haƙa rami, a rufe gas, a yanke tsohon layi. In tsohon bututun ƙarfe ne da ya ci tsatsa, sau da yawa sai a sauya shi tun daga titi da na roba mai launin rawaya, a shimfiɗa siririyar waya a gefensa don na'ura ta iya gano shi nan gaba, a sa masa makullin da ke rufe kansa in wani ya fasa layin da haƙa. A nan kuɗin ke tashi. Matsar da mita ƙafa biyu a kan ciyawa abu ne mai sauƙi. In sai an fasa daɓen shiga gareji ko kwaltar titi, maganar dubban daloli ake yi, har ta iya zarce kuɗin akwatin da aka fara nema. A ƙarshe ma'aikaci ya ɗaura mita, ya fitar da iskar da ke cikin bututu, ya bi murhu da hita ya kunna su ɗaya-ɗaya.

Tambayar da ta kamata ta zo farko

Sau da yawa matsar da mitar gas ita ce hanya mafi tsada, amma ita mutane ke fara tunani, don ita ce ta tare hanya. Gogaggen mai gyaran wuta daga wani wuri yake farawa. Da farko: gidan nan yana buƙatar amfiya 200 kuwa? Kundin wayarin ya yarda a duba mafi girman wutar da gida ya ja cikin shekara guda, ko a ɗaura ma'auni na kwana 30, a gina lissafi a kai. Gidaje da yawa masu amfiya 100 ba sa kaiwa rabi. Caja mai amfiya 24 tana cika abin da mota ta ƙona a zirga-zirgar yini kafin gari ya waye. Akwai kuma 'yar na'ura da ke raba layi ɗaya tsakanin mota da injin busar da tufafi, in ɗaya ya tashi ɗaya ya dakata.

In lallai sai an ƙara, tambaya ta biyu ita ce wanne ya fi sauƙin matsarwa. Inda wuta ta sama take zuwa, akwatin ne: waya tana lanƙwasa, ba ta buƙatar rami. A mayar da tsohon akwati mahaɗar wayoyi, a kafa sabo ƙafa huɗu gaba, magana ta ƙare. Wasu kamfanonin kuma suna yarda a ɗaura wa kafar regileta dogon bututu ya kai numfashinta nesa, mita na nan inda take.

Hanya ta ƙarshe ita ce a rabu da gas ɗin ɗungurungum. Wanda zai sauya murhu da hita zuwa lantarki cikin shekara biyu, ya biya dubbai don matsar da mitar da zai cire, ya yi asara sau biyu. Birnin Berkeley ya hana ja wa sababbin gine-gine gas a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar a 2023. A 2024 California ta bi ta wata hanya, ta ba da izinin gwaji a unguwanni har 30, inda kamfani zai rufe bututun unguwa gaba ɗaya ya mayar da gidajen kan lantarki da kuɗin da zai kashe wajen sauya tsohon bututu, in kashi biyu cikin uku na masu gidajen sun amince. Hikimar a fili take, domin in aka bar kowa ya yi ta kansa, nauyin kan masu tsofaffin ƙananan gidaje yake faɗawa, su ne kuma mafi ƙarancin hali.

Mu da muke girki da tukunya, abu ɗaya ya bambanta, kuma ya fi tsanani: gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ba ya tashi, kwanciya yake a ƙasa ya bi daɓe, ya tarar da soket ɗin firji ko janareta a bayan kicin. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, tashoshin wuta da masana'antu aka nufa da shi da farko. In wata rana rassansa suka shiga unguwanni, masu zanen gidajenmu za su fuskanci zaɓin da magina a Amurka suka yi cikin gaggawa. A kan takardar zane, ƙafa uku ba ta cin ko sisi. Bayan an yi yaɓe an zuba daɓe ne take tsada.